Rufin Aji Uku Da Ƙiyasin Gwamnati

Edita ya ce ko wane ɗayanmu da ya fita koyon aikin koyarwa ya rubuta abin da ya gani, ko wani ya ƙaru. Na san waɗansu za su ba da labarin yadda suka iya da yara masu ƙiriniya, waɗansu kuwa yadda suka koyar da lissafi da tsakuwa da ƙwallon dabino. Ni kam nawa labarin na kunya ne, gama kuskure na yi, yara 68 suka sha wahalarsa, ni kuwa ban sha kome ba sai zafin rai. Na so in ɓoye shi, amma da na tuna ba za a jima ba yawancinmu za mu zama manyan malamai a ƙauyuka, a miƙo mana irin aikin da aka miƙo mini, sai na ga faɗi ya fi.

A farkon shekarar 2024 aka tura ni wata makarantar firamare a wani ƙauye da ke nesa da titi, tafiyar kamar sa'a guda a kan babur in an bar kwalta. Makarantar ɗaki shida ce, ginin bulo, tsofaffi ƙwarai, aka ba ni aji uku. Cikin watan Mayu, wata rana da la'asar sakaliya, bayan an tashi yara, hadarin farkon damina ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Ina zaune a zauren mai unguwa inda aka sauke ni, sai muka ji wata ƙara kamar an kifar da tulin tasoshi. Da ruwa ya ɗauke muka je, muka tarar iska ta yaye rufin ajina ɗungum, ta nannaɗe kwanon kamar tabarma ta jefa shi cikin gonar liman. Katakon kuwa da ma gara ta gama da cikinsa, duk ya kakkarye. Muka yi wa Allah godiya da abin bai auku da hantsi ba, sa'ad da yara ke ciki.

Kashegari Hedimasta, wani dattijo mai haƙuri wanda ya yi shekara kusan 30 yana riƙe da alli, ya kira ni ofishinsa ya ce, "Malam ƙarami, kai ne ka fito daga kwaleji, rubutunka ya fi namu kyau, Turancinka kuma da sauran ɗanyensa. Lokacin ƙiyasin baɗi ya gabato, Sakataren Ilimi zai nemi ko wace makaranta ta faɗi bukatarta. Rubuta mana."

Na ce, "To, ranka ya daɗe," na fito kaina ya yi girma. Na shawarci wani abokin aiki da ya girme ni, ya ce, "Ai gwamnati kasuwa ce. In biyar ka ke so ka ce goma, su taya, ka ce albarka, a daidaita." Maganan nan ta shige ni, don tun ina yaro na saba bin kawuna kara ranar kasuwa, na san yadda a ke cinikin akuya. Na zauna dare guda na cika shafi biyu da manyan kalmomi. Na yabi gwamnati, na ambaci darajar ilimi, na ce yara su ne manyan gobe. Da na zo wurin kuɗi sai na rubuta layi ɗaya tak: gyaran makaranta, naira miliyan 10. Ban auna ɗakin ba, ban tambayi kafinta ba, ban taka kasuwa na ji kuɗin kwano ba. Hedimasta ya karanta, ya yi shiru kaɗan sai ka ce zai yi magana, sa'an nan ya sa hannu ya buga hatimi. Ina tsammani kunyar kwalejinmu ya ji.

Sauran damina muka yi ta a gindin darbejiya. In hadari ya haɗo sai in kwashi yara in cusa su cikin aji huɗu, su zauna kan juna, ba mai jin muryar malami sai na gaba. Iyaye kuwa da suka ga haka, waɗansu suka ce zaman inuwar itace ai akwai shi a gona, suka janye 'ya'yansu maza, 'yan mata kuma aka ɗora musu talla. Lokacina ya cika na komo kwaleji, na bar su da alkawari cewa rufi na nan tafe. Cikin watan Janairu na 2025, tsakiyar hunturu, Hedimasta ya kira ni ta waya ya ce an fitar da sunayen makarantun da za a gyara, tamu ba ta ciki.

Ba abin da ban faɗa ba cikin zuciyata. Na ce an ci kuɗin, na ce don ba mu da kowa ne. Da wannan haushin na tafi gida hutun Ƙaramar Salla, na je gai da Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati, rabinsu a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata, kafin ya yi ritaya. Na kwashe labari na gaya masa. Ya ce in karanta masa abin da na rubuta, na kuwa karanta, don ina da kofi. Tun ban kai ƙarshe ba ya fara dariya, har sai da ya cire tabarau ya share hawaye. Ya ce, "Ɗan nan, wannan ai ba ƙiyasi ba ne, roƙo ne. Da ma kalangu ka rataya, da sai mu san sana'arka."

Na ji zafi, amma na haɗiye. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafi wanda gefensa ya yi ja don tsufa, ya ce na kakanmu ne, wanda ya yi malamin baitulmali a zamanin En'e. Littafin ƙiyasin baitulmali ne, abin da tsofaffin ma'aikata ke kira istimet. Na buɗe na ga ko wane aiki da layinsa da lambarsa, tun daga albashin Sarki har na dogari da masinja, ga abin da aka ba da bara, ga abin da a ke nema bana, a jere, fam da fam.

Ya ce a Katsina aka fara irin wannan baitulmali, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da shawarar Baturen nan Palmer, zuwa 1911 kuwa aka baza shi cikin sauran ƙasashen sarakuna. Haraji da jangali in an tara a kan raba, da farko rabi na Gwamnati rabi na En'e. Shekarar kuɗi a lokacin tana kamawa ran 1 ga Afrilu ta ƙare ran 31 ga Maris. Tun da sauran watanni wakilin makaranta da na asibiti da na gona da na ayyuka ko wanne ya kan kawo bukatarsa ga Ma'aji, Ma'aji da Di'o su gwada ta da abin da a ke sa ran samu, a kai gaban Sarki da majalisarsa, Razdan ya aika Kaduna. Sai Kaduna ta yarda kana a buga, bayan nan kuwa ba a taɓa ko kwabo a kan abin da ba ya cikin littafi sai da izini. Baffa yana faɗin haka da sha'awa, ni ma na yaba da tsabtar aikin. Amma na lura da abu biyu waɗanda ba su gamshe ni ba. Talakan da ya biya harajin ba shi da baki cikin rabon, magana ta ƙarshe kuma ta Bature ce. Ga shi rarar da baitulmali ta tara a kan kai wani sashinta ajiya Ingila, alhali makarantu a Arewa ana iya ƙirga su. Sai a 1947, da Majalisar Arewa ta fara zama a Kaduna bisa tsarin mulkin Gwamna Richards, 'yan ƙasa suka sami damar tattauna ƙiyasin Jihar Arewa a fili, shi ma shawara kaɗai su ke bayarwa.

Baffa ya rufe littafin ya ce, "Wancan ya wuce. Yanzu shekarar kuɗi daga 1 ga Janairu ce zuwa 31 ga Disamba. Gaya mini, in za ka tsara kasafi, daga ina za ka fara?"

Na ce daga bukatun jama'a.

Ya ce, "Ka faɗi. Daga aljihu a ke farawa."

Ya bayyana mini cewa kafin a tambayi ko wace ma'aikata abin da ta ke so, sai an ƙiyasta abin da zai shigo. A Tarayya akwai doka ta 2007 wadda ta ce a tsara hasashen kuɗi na shekara uku, a kai shi Majalisar Ƙasa da sauran wata huɗu kafin sabuwar shekara. A cikinsa a ke yanke farashin da za a ɗora gangar mai a kai, da yawan gangar da a ke sa ran haƙowa ko wace rana, da darajar naira a gaban dala. Jiha kuwa ta kan dubi kason da a ke aiko mata ko wane wata daga asusun Tarayya, da harajin da ta ke tarawa a gida. In an san girman ƙwaryar, sa'an nan ma'aikatar kasafi ta aika wa ko wace ma'aikata sakula, wajen tsakiyar shekara, ta faɗa mata ranar da za ta kawo ƙiyasinta da iyakar kuɗin da ba za ta tsallake ba. Wannan iyaka ita ma'aikata ke ce wa ambulan. Watau tun kafin in ɗauki alƙalami a ƙauye an riga an yanka wa ilimi rigarsa, abin da ya rage shi ne wa zai shiga ciki.

Daga nan ko wace ma'aikata ta tattara bukatun hukumomin da ke ƙarƙashinta ta kasa su kashi uku: albashi, da kuɗin gudanarwa irin su mai da takarda da wuta, da manyan ayyuka irin su gini da sayen kayan aiki. Takardar makarantar firamare doguwar hanya gare ta kafin ta kai nan. Daga Hedimasta sai Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, daga shi sai hukumar ilimin firamare ta jiha, ita kuma ta haɗa nata ƙiyasi. A ko wane tebur ana tankaɗe, ana zubar da tsaki.

Inda Baffa ya fi daɗewa shi ne zaman da a ke yi tsakanin ma'aikatar kasafi da ko wace ma'aikata, ɗaya bayan ɗaya, don ya halarce shi ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Ya ce a kan ba ko wace ma'aikata ranarta. Babban Sakatare ya zo da daraktocinsa da akawunsa, ɗauke da fayiloli, su zauna gefe guda na dogon tebur. Ma'aikatan kasafi su zauna ɗaya gefen, littafin bara a buɗe gabansu. Sai a bi layi layi. Nawa aka rubuta muku bara a kan wannan? Nawa aka sake muku? Nawa kuka kashe, ina kuma aikin ya ke? Albashin da kuka ce, kawo sunayen ma'aikatan a gwada, kada a biya wanda ya rasu ko wanda ba a haifa ba. Wannan gini da kuka fara shekara uku da suka wuce, don me ba ku nemi kuɗin ƙarasa shi ba kuka kawo sabo? Wannan rijiya ai mun gan ta jiya cikin ƙiyasin ma'aikatar ruwa, wa zai haƙa, ku ko su? Wannan farashi na wace kasuwa ne? Layin da aka amsa tambayarsa ya tsaya. Layin da aka yi shiru a kansa, ko aka ce "za mu bincika," a ja masa jan alƙalami a wuce, gama akwai wata ma'aikata tana jira a baranda.

Ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In muka ga sifiri bakwai a jere, babu ko ɗigon wata lamba a tsakani, mun san mai takardar bai tashi daga kujerarsa ba. Wanda ya auna, lissafinsa ba ya fitowa sumul, ya kan zo da 'yan wutsiyoyi."

Na ce, "To Baffa, in kuɗi ya gaza ai sai a rage wa kowa daidai gwargwado, kamar yadda muka karanta a rabon gado, in rabo ya fi dukiya yawa a yi auli, kowa ya ɗan ji a jikinsa."

Ya dube ni, na ga alamar ya ji daɗi da karatun zaure bai bar ni ba. Ya ce, "Ka kawo misali mai kyau, amma ka ɗauko shi ta wutsiya. Kafin a zo ga magada me a ke fara fitarwa?"

Na ce likkafani da hidimar jana'iza, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya.

Ya ce, "Madalla. Bayan su sai masu rabo yankakke. Wa ke zuwa ƙarshe?"

Na ce asaba, wanda ke ɗaukar abin da ya rage, in kuwa ba abin da ya rage ya tashi hannu wofi.

Ya ce, "To rufinka asaba ne."

Wallahi ban taɓa fahimtar wani darasi farat ɗaya kamar wannan ba. Bashin da gwamnati ta ci ba a taɓa shi, don masu shi ba su yafewa. Albashi da fansho ba a taɓa su, don masu su suna da ƙungiya, in an taɓa a rufe ofisoshi. A watan Yuli na 2024 ma, daidai lokacin da takardata ke yawo, aka sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Abu ne mai kyau, mu ma da za mu ci albashin malanta muna murna da shi, amma ko wace naira da ta shiga wancan kashi daga wani wuri ta fito. Kuɗin gudanarwa a kan ɗan datse shi, ba a kashe shi, don wanda ke datsewar shi ma da mota ya zo. Sai wuƙa ta sauka a kan manyan ayyuka. A cikinsu ma akwai mai uwa a gindin murhu: hanyar da Gwamna ya yi alkawarinta a bainar jama'a, ginin da ɗan kwangila ya fara yana bin bashi. Rufin aji uku a ƙauyen da babu kwalta, shi ne asaban asaba.

In an gama wannan zama, ma'aikatar kasafi ta haɗa duka ta kai gaban Majalisar Zartaswa, inda Gwamna da kwamishinoni za su ƙara nan su rage can. Sa'an nan Gwamna ya kai shi Majalisar Dokoki, kamar yadda sashe na 121 na tsarin mulkin 1999 ya umarta. Shugaban Ƙasa kuwa sashe na 81 ne ya ɗora masa irin wannan. Majalisa ta rarraba shi ga kwamitocinta, ko wane kwamiti ya kira ma'aikatar da ke ƙarƙashin kulawarsa ta zo ta kare kasafinta, a sake sabon lale. Kwamitin kasafi ya tattara rahotanni, Majalisa ta zartar, a mayar wa mai zartaswa ya sa hannu ya zama doka. In shekara ta kama ba a gama ba, tsarin mulki ya yarda a ci gaba da kashe kuɗi gwargwadon na bara har wata shida, don kada aiki ya tsaya.

Wannan mataki shi ne kakanmu bai gani ba a farkon aikinsa, watau wakilan masu biyan haraji su riƙe alƙalami. Amma Baffa bai ɓoye mini cewa nan ma takarda ta kan canja kama ba. Ya tuna mini da 2016, shekarar da kalmar aringizon kasafi ta cika rediyo, har Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya gaya wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ƙiyasin da ke gabansu ba shi ne ma'aikatarsa ta aika ba. Ba a sa hannu a kasafin shekaran nan ba sai ran 6 ga Mayu. Na 2018 ya kai har 20 ga Yuni, ran nan kuwa Shugaba Muhammadu Buhari ya yi kukan cewa Majalisa ta zabge naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da ya kawo, ta shigar da nata ayyuka 6,403 na naira biliyan 578. 'Yan Majalisa kuma suka ce ikonsu ne, su ne suka san ƙauyukan da aka manta. Ni dai da na ji wannan sai na rasa gefen da zan tsaya, don da ɗan majalisarmu ya cusa rufin aji uku cikin kasafi, ba zan kira shi aringizo ba. Ran 17 ga Disamba 2019 aka sa hannu a kasafin 2020 tun shekara ba ta kama ba, aka yi murna. Ba a yi wata huɗu ba annobar korona ta karya farashin mai, dole aka sake lissafi, aka sauko da gangar da aka ɗora a kan dala 57 zuwa dala 28.

Har wa yau, in ji Baffa, shiga littafi dabam, fitowar kuɗi dabam. Abin da aka rubuta izini ne na kashewa, ba tsabar kuɗi ba ne. Sai an ba da waranti, sai kuma Babban Akanta ya ga akwai kuɗi a asusu, kana a saki. Aikin da ba a sake wa kuɗi ba har ƙarshen shekara, in ba a ƙara wa kasafin wa'adi ba, sai ya koma layi baɗi. Game da makarantun firamare akwai kuma dokar ilimin bai ɗaya ta 2004, wadda ta keɓe aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don taimakon jihohi, amma jiha ba ta taɓa rabonta sai ta ajiye nata daidai da shi. In ta yi nawa, kuɗin ya yi ta kwana a Abuja, yara kuma a gindin itace.

Da na ji tsawon hanyar sai jikina ya yi sanyi. Na ce, "Ashe ko da na rubuta takarda mai kyau tana iya mutuwa."

Ya ce, "Ƙwarai kuwa, na binne irinta da yawa da hannuna, ina ganin gaskiyarsu. Amma mai kyau ta kan mutu a tebur na huɗu ko na biyar, bayan an yi gardama a kanta, baɗi kuma a tuna da ita. Taka tun a tebur na farko ta faɗi, ba kuwa wanda ya kashe ta. Ɗan nan, a duk zaman da na lissafa maka, akwai wurin da ɗan aji uku ke da kujera?"

Na ce babu.

Ya ce, "To takardar ita ce bakinsa. Kai kuwa ka aika ta bebiya."

Ban yarda da Baffa duka ba, har yanzu ma ban yarda ba. Ina ganin hukuma da ta san iska na yaye rufi ko wace damina ya kamata ta taka ta gani da idonta, kada ran yara ya rataya ga iya rubutun wani ɗan koyo. Amma wannan bai wanke ni ba. Bayan Salla na tafi ofishin ilimi na ƙaramar hukumar, na sami wani akawu mai kirki, ya tona fayil ya zaro mini takardata. A gefenta an rubuta da jan alƙalami, "A kawo ƙididdiga." Ya ce bukatu sun yi yawa, kaɗan kuma za su iya turawa gaba, sabo da haka suka tura waɗanda za su iya karewa in an tambaye su. Ya nuna mini ɗaya daga cikin waɗanda suka wuce. Wata shugabar makaranta ce ta rubuta, rabin shafi, babu yabo babu kirari: tsawon ɗaki da faɗinsa, bandir nawa na kwano, katako nawa, ƙusa, ladan kafinta, yawan yara, da hoto a manne. Na tsaya ina kallonta, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga can ban koma kwaleji ba sai da na hau babur na tafi ƙauyen. Na durƙusa gaban Hedimasta na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne." Ya ce, "Namu ne, Malam ƙarami. Na ga gurbin tun ran nan, na yi shiru." Ya ba ni yaran, waɗanda yanzu sun shiga aji huɗu, ɗakin kuma ya zama na ƙannensu. Daga cikin 68 da na bari, 51 na samu.

Muka mai da abin darasin lissafi. Muka ari igiyar guga da tef ɗin kafinta, yara suka auna tsawo da faɗi, muka rubuta a allo. Kafintan garin ya hau bango ya dudduba, ya ce ginin lafiya lau ya ke, ya faɗi yawan katakon da zai ci da irinsa, ya ce a sa maganin gara cikin lissafi, in ba haka ba bayan 'yan shekaru a koma gidan jiya. Yara suka fitar da yawan fallen kwano, suka raba da 20 don su sami bandir, wata yarinya ta kama ni da kuskure wajen saura, aji ya ɗauki sowa. Ran kasuwa muka tafi gari da shugaban kwamitin iyaye, muka tambayi farashi a shago uku, muka rubuta ko wanne da ranar da aka faɗe shi, don kaya ba su zama wuri ɗaya. Iyaye suka ɗauki nauyin ɗauko kaya daga titi da ciyar da ma'aikata, muka rubuta wannan ma, muka cire shi daga jimla. Da muka tara duka, kuɗin bai kai sulusin abin da na rubuta da farko ba, ya kuma fito da 'yan wutsiyoyinsa.

Takardar shafi ɗaya ce, da hoto biyu da sunayen yara a baya. Hedimasta ya sa hannu, mai unguwa da shugaban kwamitin iyaye suka sa nasu. Wannan karo ba mu ba ɗan aike ba, mu uku muka kai ta, muka tsaya har akawu ya shigar da ita cikin rajista ya buga hatimi a kofinmu. Da muka komo, Hedimasta ya ɗauki jan alli ya zagaye watanni uku a kalandar ofishinsa: Yuli, lokacin da sakula ke fitowa, shi zai je ya tambaya, Satumba, lokacin da hukumar jiha ke haɗa nata, shugaban kwamitin iyaye zai je, Nuwamba kuwa, sa'ad da kasafi ke dosar Majalisa, ni aka ba, in nemi ɗan majalisar mazaɓar in miƙa masa kofi hannu da hannu, tun da kwalejinmu ta fi kusa da babban birni.